Kafin a turo mana sabon ma'aikaci, wa ya kama hannunsa?

 

Cikin aikin da aka ɗora wa sakatare akwai karɓar takardu. Da wuya wata biyu su wuce ba a kawo mini takarda daga wata jami'a ko asibitin koyarwa ba. Waɗansu suna neman izinin auna hawan jini da suga kyauta, waɗansu suna son su zauna da mata a kan awon ciki da allurar yara, likitocin dabbobi suna son shiga kara da mayanka, masu yaƙi da jahilci suna neman aji, ga kuma ɗalibai da takardun tambayoyi. Nakan kai wa Sarki da dattawa, a tattauna, a sa rana. Shekarun da na yi ina wannan zirga-zirga sun nuna mini abu guda: aikin yakan yi kyau ko ya lalace ne a hannun mutumin da aka turo, shi kuma yakan iya ko ya kasa gwargwadon yadda aka raine shi kafin a sake shi cikin jama'a. Don haka ra'ayina shi ne, duk jami'ar da ke tura ma'aikata cikin al'umma, wajibi ne ta haɗa kowane sabon ma'aikaci da tsohon hannu har shekara guda, mu kuma mu ba shi ɗan gari da zai riƙe masa ɗaya hannun.

Bari in fara da abin da ya faru a gabana. Shekaru da dama wata jami'a, wadda ba zan kama sunanta ba, tana turo mana tawagar auna lafiya sau ɗaya a shekara. Mai jagorantarsu wata dattijuwar nas ce, Bayarabiya, matan unguwa suna ce mata Mama. Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba, amma ta san gari. Saura mako guda za ta zo ita kaɗai, ta gai da Sarki, ta gai da liman, ta shiga wurin ungozoma da malamar Islamiyyar matan aure, ta tambayi wa ya haihu, wa aka rasa. Ba ta taɓa sa aiki ranar Juma'a ba, ba ta sa shi ranar da manyan motoci ke sauke albasa da tumatir. Awon mata a cikin makaranta take yin sa, bayan labule, mata su auna mata. In ta samu wanda jininsa ya hau sosai ba ta faɗa a bainar jama'a. Za ta ja shi gefe, ta rubuta masa takarda, bayan sati biyu ta bugo waya ta ji ko ya je asibiti.

Sai Mama ta yi ritaya. Bara aka turo wani saurayi a madadinta, mai digiri na biyu, mai ladabi, satinsa uku da kama aiki. Takardarsa ta iso mini ranar Alhamis da yamma, washegari Juma'a da hantsi sai ga su, suka kafa rumfa daidai filin da ake shimfiɗa tabarmi in masallaci ya cika. Fom ɗin da suke cikewa yana tambayar suna, lambar waya, lambar gida, jihar asali, da mutum nawa ke kwana a ɗaki, kuma babu wanda ya tsaya ya yi bayanin abin da za a yi da amsoshin. Wani daga cikinsu ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton masu bara. Maza biyu suka kutsa har tsakar wani gida, alhali ga "ba shiga" an rubuta a jikin zaure. Kafin la'asar saƙon murya ya zaga WhatsApp cewa an zo ƙidaya Hausawa, wani kuma ya ce jini ake ɗiba a tafi da shi. Wurin da a da ake layi har rana ta faɗi, ran nan ɗaiɗaiku ne suka zauna a kujera.

Da na kwantar da ƙurar, sai na ja saurayin nan gefe na ce, "Ƙanena, wa ya rako ka?" Ya ce, "Oga Sakatare, babu kowa. Ranar da na kama aiki aka miƙo mini fayil da sunayen unguwanni, aka ce in gama su kafin ƙarshen wata. Matar da na gada ko ganinta ban taɓa yi ba." Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Ilimin yana da shi, niyyar ma mai kyau ce. Abin da Mama ta tara cikin shekaru, lambobin waya, sanin wanda ake fara gaisarwa, sanin ranar da ba a zuwa, duk ta tafi da shi gida a cikin kanta, domin babu wanda ya ce ta zauna da magajinta ko da na wata ɗaya ne. Asarar kuwa a kanmu ta faɗa. Hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum, kuma dattawan da da an auna su an gano, haka suka koma shagunansu ba su san halin da suke ciki ba.

Wani zai ce, me ya kai jami'a shiga unguwa tun farko? Ai aikinta ne. Jami'a a kan duwatsun murhu uku take zaune: koyarwa, bincike, da hidimar al'umma. Kwalejin Jami'a ta Ibadan an buɗe ta a 1948, a 1949 kuma ta kafa sashen karatun manya na wajen makaranta, wanda Robert Gardiner, mutumin ƙasar da yanzu ake kira Gana, ya fara shugabanta, malamai suna bin garuruwa suna koyar da ma'aikata da 'yan kasuwa. A 1963 aka fara shirin lafiyar al'umma na Ibarapa a garin Igbo-Ora, inda har yau ake kai ɗaliban likitanci su zauna cikin mutanen karkara. Jami'ar Najeriya ta Nsukka, da aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, an gina ta ne a kan aƙidar kai ilimi gona da kasuwa. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar NAERLS ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, mai haɗa masu bincike da malaman gona na ƙasa baki ɗaya, ita ma Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta, da aka kafa a 1988, tana da tata cibiyar ta kai wa manoma ilimi. Ke nan aikin ya daɗe, abin tambaya shi ne yadda ake gadon sa daga hannu zuwa hannu.

Aikin shiga jama'a yana da ɓangaren da ba a koyar da shi a allo. Ɗauki kalma kawai. Ma'aikacin da ya tsaya gaban magidanta ya ce ya zo maganar ƙayyade iyali, ya rufe wa kansa ƙofa. Wanda ya ce tazarar haihuwa don lafiyar uwa da jariri, za a saurare shi. Wanda ya ce "mun zo bincike", ɗan kasuwa zai ji kamar 'yan sanda ko kwastan, alhali nazari yake nufi. Kalmar gwaji ita kanta fuska biyu gare ta: gwajin jini daban, gwada magani a jikin mutum daban, in ba a bambanta ba an shiga uku. Mai ba masu ciwon suga shawarar cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, in ya zo cikin Ramadan bai tanadi amsar mai azumi ba, ya ɓata lokacinsa da nasu. Da aka fara allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, iyaye mata a nan tambaya ɗaya suke ta maimaitawa, ko za ta hana haihuwa. Ma'aikaciyar da ta saba ta san tambayar na tafe, ta shirya mata amsa cikin natsuwa. Sabuwa kuwa takan ji haushi, ta ce jahilci ne, shi ke nan an rabu.

Haka abin yake a kara. Sabon likitan dabbobi ya shiga kasuwar shanu, ya ga saniya tana tari, ya ɗaga murya gaban masu saye ya ce wannan tana da ciwon huhu. Ko da gaskiya ya faɗa, ya kashe cinikin mutum a bainar jama'a, kuma gobe in an hango shi za a kora marasa lafiyar dabbobin bayan kasuwa, inda cutar za ta fi yaɗuwa. Tsohon hannu ya san a kan bi ta wurin shugaban kara da Sarkin Fawa, ya san dillali shi ne kunnen mai dabba, ya san in makiyayi ya ce sammore ko hanta me yake nufi. Wannan ba ya cikin jarrabawar digiri. Sai ka bi wanda ya sani, ka ga yadda yake yi, ka yi a gabansa, ya gyara maka.

A wurinmu kuma kuskuren sabon shiga ya fi tsada, saboda akwai tabon da bai warke ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani nazari da ya shafi yara kimanin 200. Goma sha ɗaya suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, shari'a ta ja har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargi, ba a dawo da shi ba sai Yulin 2004, kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigowar sarakuna da malamai da matan unguwa masu raka ma'aikata gida-gida, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Ƙara da halin zaman baƙunta: mutumin da ya ga abin da ya faru a Shagamu a 1999, ko Sabon Ile-Ife a 2017, ko kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, in baƙo ya tambaye shi lambar gida da jihar asali, dole gabansa ya faɗi. Yaron da aka haifa bayan 1996, ya tashi a wani gari, daga ina zai san wannan in ba a faɗa masa ba?

Abin da nake kira a yi ba baƙon abu ba ne. Mu da muke zaune a Sabo da zango, da shi muka ci kasuwa. Sabon Ibadan an kafa shi tun 1916, kuma wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a cikinsa ya rubuta littafi a 1969 a kan yadda fataucin goro da shanu ke tafiya a hannun masu gida da dillalai da yaransu. Har gobe babu maigidan da zai ɗauki yaro yau ya damƙa masa kuɗin mota guda ta shanu gobe. Sai ya bi shi shekaru, ya koyi kallon dabba, ya san mahaucin da ake ba bashi da wanda ba a ba. Maƙwabtanmu Ibo da tsarin yaron shago suka mamaye kasuwanni. A aikin boko ma haka ne: likita in ya gama makaranta sai ya yi shekara guda ƙarƙashin manyan likitoci kafin a ba shi cikakkiyar rajista, malamin makaranta sai ya yi koyarwar gwaji. Ni kaina da na gama difloma na tafi shekarar sanin makamar aiki, wani tsohon akawu ne ya koya mini rubuta bayanin taro da ajiye fayil, abin da nake ci da shi har yau. To don me wanda za a tura ya taɓa jinin mutane da sirrinsu da dukiyarsu shi ne za a saka ba jagora?

Ƙasar da muka kwaikwayo wannan aiki daga gare ta ma ta gane haka. A Amurka, dokar 1862 da Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu ita ta ba jihohi filaye don kafa kwalejojin noma da sana'a, dokar 1914 kuma ta ɗora wa waɗannan jami'o'i aikin malaman gona, har ya zama kusan kowace gunduma tana da ofishinsu. Da yawa daga cikin jami'o'in nan suna haɗa sabon ma'aikaci da wani gogagge na kimanin shekara guda, kuma yawanci ba shugabansa ba ne, domin ya iya faɗa masa abin da ya kasa ba tare da tsoron a rubuta a fayil ba. A nan gida, shirye-shiryen bunƙasa noma da Bankin Duniya ya tallafa, waɗanda aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, daga baya sun bi tsarin da kowane sati biyu malamin gona zai koma a ƙara masa sani a hannun ƙwararru, ya kawo matsalar da ya gamu da ita a gona a warware tare. Da kuɗin bankin ya janye a shekarun 1990, tsarin ya yi rauni. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, raino in an jingina shi da kuɗin waje, ranar da kuɗin ya ƙare shi ma ya ƙare. Dole ya zama cikin dokar aikin jami'ar kanta.

Ga yadda nake ganin ya kamata a yi, kuma babu abin da ya fi ƙarfin kowace jami'a a ciki. Ranar da aka ba mutum takardar kama aiki, a ba shi sunan wanda zai raine shi, a rubuce, da wa'adin wata goma sha biyu. Wata ukun farko bin sa zai riƙa yi, yana kallo yana tambaya. Wata uku na biye shi zai yi aikin, tsohon hannu yana gefe, in sun koma mota a yi gyara. Sauran watanni shida ya fita shi kaɗai, amma su zauna ko sau ɗaya a wata. Mai rainon ya zama ba shi ne mai sa masa maki a ƙarshen shekara ba. Kowace unguwa ko ƙauye a buɗe mata littafi a ofis: wa ake fara gani, wace rana ce ba a zuwa, wane alkawari aka ɗauka ba a cika ba. Sannan mai shirin ritaya a haɗa shi da magajinsa tun saura wata shida. Dokar 2012 ta sa farfesa yana ritaya a shekara 70, ma'aikatan da ba malamai ba a 65, wato ranar tafiyar kowa sananniya ce tun da daɗewa. Babu uzurin a ce ta zo ba zato.

Na san akwai masu ja, kuma wasu hujjojinsu suna da nauyi. Na farko za a ce babu kuɗi, babu mutane. Gaskiya ne jami'o'inmu suna cikin matsi. A 2022 wata takwas aka yi ana yajin aiki, kuma ƙwararru suna ta ficewa ƙasashen waje. Amma wannan hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. In tsofaffin hannu suna ƙarewa, yanzu ne ya kamata a tatsi abin da ke kansu. Kuma a lissafa abin da aka kashe ran nan a unguwarmu: man mota, hayar rumfa, kayan awo, alawus na tawaga guda, duk a banza. Kuɗin motar da Mama za ta hau ta rako yaron nan sau uku bai kai rabin wannan ba. Abin da mai raino ya fi buƙata shi ne a rage masa wani aikin, kuma a sa rainon cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. In ba a lissafa shi, to mai tausayi ne kawai zai yi, shi ma in ya gaji ya bari.

Na biyu, kuma wannan ya fi damuna: ba kowane tsohon hannu ne abin koyi ba. Akwai wanda abin da zai koya wa yaro shi ne cike fom a ƙarƙashin bishiya ba tare da an ga kowa ba, da rubuta sunayen mahalarta na bogi, da yanke kuɗin motar da aka ware wa jama'a. Akwai wanda zai mayar da yaro ɗan aike, mai ɗaukar jaka da sayo abinci. Akwai kuma wanda in mace aka ba shi, sai ya nemi abin da bai dace ba. Duk wannan yana faruwa, kuma ba a magance shi da rufe ido. Maganinsa shi ne a zaɓi masu raino, kada a ce duk wanda ya daɗe ya cancanta. A ba su horo ko na kwana biyu ne. A ba sabon ma'aikaci damar ya ce a canza masa ba tare da ya faɗi dalili ba. Mace ta samu mace in ta fi so. Kuma wani na uku ya riƙa jin ta bakin kowannensu daban. Raino ma ba hanya ɗaya yake bi ba. Yaran yanzu sun fi iya ajiye bayanai a kwamfuta da waya, sun fi sanin dokar kare bayanan mutane ta 2023 da ƙa'idojin neman yardar mutum kafin a sa shi cikin nazarin lafiya. Tsoho mai hankali zai koya yana koyarwa.

Na uku, wani zai ce a ɗauki 'ya'yanmu kawai, magana ta ƙare. Ina son a ɗauke su, amma jin Hausa kaɗai bai isa ba. Wata 'yar unguwar nan an taɓa ɗaukarta tafinta a irin wannan aiki. Ba a yi wata biyar ba ta ajiye. Gwaggonta ta tsare ta sai ta faɗa mata sakamakon gwajin yarinyar da ɗanta zai aura, maƙwabci yana fushi don ba ta sa sunansa cikin masu karɓar gidan sauro ba, shugabanta kuma yana ganin ba ta kawo adadin da ake so. Babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya koya mata yadda ake cewa "Gwaggo, wannan amana ce, ba ni da ikon faɗa" ba tare da an ɓata zumunci ba. Ɗan gida nauyi biyu yake ɗauka, don haka shi ya fi kowa buƙatar wanda zai kai wa kuka.

Yanzu in juyo kanmu, domin ba daidai ba ne mu nuna jami'a da yatsa mu manta sauran yatsun suna kallonmu. Masu iya magana sun ce da ɗan gari akan ci gari. Tsohon hannun ofis zai koya wa yaro aiki, amma unguwa sai mai unguwa. Muna da tsofaffin malaman makaranta, da nas-nas da suka yi ritaya, da ungozomomi, da dattawan kara, da matasa masu jin Hausa da Turanci da harshen masu masaukinmu. Ina ganin duk tawagar da za ta zo mu haɗa ta da mutum biyu, namiji da mace, su zauna da jagoranta tun kafin ranar aiki, su duba fom ɗinsa, su ce wannan tambayar a yi mata bayani, waccan kalmar a canza ta. Mu rubuta 'yar takarda mai shafi biyu da za mu riƙa ba kowane baƙo: lokutan salla, ranakun kasuwa, ladabin shiga gida, hukuncin ɗaukar hoto. In takarda ta zo kuma mu yi tambaya uku kafin mu sa rana: wa zai jagoranci aikin, yaushe ya fara, wa zai rako shi? Mu ƙara da sharaɗin a dawo a faɗa mana abin da aka gano.

Sai dai mu ma mu ji tsoron Allah a ciki. Ɗan rakiya ba mai karɓar kuɗin goro a bakin ƙofa ba ne. Ranar da muka mayar da rakiya hanyar ci, ko muka ce sai 'yan gidan wane za a fara aunawa, ko muka hana a ji ta bakin mata da masu bara da 'yan ci-rani da ba su da kowa, to mun zama matsalar da muke kuka da ita. Kuma aikin ɗan rakiya ba tace gaskiya ba ne. In likita ya ce rijiyarmu ta gurɓace ko mayankarmu tana da ƙazanta, aikinsa ya taimaka a faɗa ta yadda za a ji a gyara, ba ya sa a yi shiru ba.

Saurayin nan ya dawo bayan wata huɗu. Shi ya nemi lambar Mama da kansa, ya je har gidanta, ta ba shi wani tsohon littafinta, ta kuma rako shi ranar farko. Muka haɗa shi da wani malamin firamare mai ritaya da malamar Islamiyya. Ranar Talata aka yi aikin, a cikin makaranta, liman ya yi sanarwa tun Juma'a. Mutane sun fito, ko da yake ba kamar da ba. Akwai gidajen da har yanzu ba su huce ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk wannan gyara ƙoƙarin yaron ne da kirkin tsohuwa, ba tsarin ofis ba. Na gaba da za a turo wata unguwar, wa ya san ko zai yi irin wannan dabara, ko kuwa zai ajiye aikin ya tafi yana cewa Hausawa ba sa son a taimake su?

Shi ya sa nake roƙon 'yan uwanmu da ke aiki a jami'o'i da asibitocin koyarwa, malamai da ma'aikata, su kai wannan magana inda ake yanke shawara. Wanda kuma ya san yana da abin koyarwa, namiji ko mace, ya ba da sunansa a zama na gaba, mu fara da abin da ke hannunmu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.

Naku,
Sakataren ƙungiya